Mai Kaɗin Hayaƙi

A farkon shekarun saba'in, lokacin Samaru tana tsakanin ƙauye da gari, gidanmu yana bayan kasuwa, a layin da ɗaliban jami'a ke bi da yamma idan sun gaji da abincin makaranta. Mahaifina hatsi yake sayarwa. A ƙofar gida, jikin katangar zaure, kakata ta wajen uba take da murhunta. Iyan Bomo ake ce mata, domin daga Bomo aka ɗauko ta bayan rasuwar kakana. Da la'asar take ɗora kasko ta soya ƙosai, kafin a kira magariba ƙullun ya ƙare. Idan aka idar da salla sai ta janye itacen ta bar garwashi, ta jawo taskirar audugarta, ta shafa alli a yatsu, mu kuma mu kewaye ta. Tsakanin magariba da lisha ke nan. Lokaci ne ɗan kaɗan, amma duk abin da na sani na daɗin ƙuruciya a cikinsa yake.

Sunan kakana aka raɗa mini, saboda haka bakinta bai taɓa furta sunana ba. Maigida take ce mini.

"Maigida, yau ma ba cefane? Wane irin miji ne wannan, sai ci kamar gara?"

Ni kuma in ce ai na sake ta tun jiya, zan auro mai haƙora. Ta yi dariya har mazarin ya kuɓuce mata, ta ce mai haƙoran ita za ta cinye ɗan abin da nake da shi. Sannan ta ciro ƙosai biyu da ta ɓoye mini a ƙarƙashin faifai.

Mu wajen takwas muke zama, da ni, da ƙanwata Hansatu, da 'ya'yan maƙwabta. Sai kuma babba guda ɗaya, wani ɗalibin jami'a mai suna Emmanuel, wanda Iya ta gajarce wa suna ta mai da shi Manu. Ɗan Sabon Gari ne, can aka haife shi, ubansa tela ne. Iyayensa mutanen kudu ne, sun tafi lokacin yaƙin basasa sun dawo bayansa, Hausa kuwa a bakinsa kamar ta kowa. Ƙosai ya fara kawo shi, daga baya sai ya zamana yana sayen na ƙarshe don ya sami dalilin zama a kan dutsen da ke gefen murhu. Iya takan ƙara masa gyara fiye da kowa. Na tuna wata rana ta tambaye shi, ba tare da ta ɗaga kai daga kaɗinta ba: "Manu, taurarin da ke can ƙasarku, irin namu ne?" Ya ce su ne dai, Iya, sama ɗaya ce. Ta ce to, alhamdu lillahi. Ban ɗauki tambayar a bakin komai ba. Na san dai ƙanin mahaifina, Kawu Isa, ya shiga soja lokacin yaƙi, an gama yaƙi bai dawo ba, ba gawa, ba takarda. A gidanmu ba a ambatonsa.

A wannan shekara ina da shekara goma sha biyar. Na sauke karatun allo, na shiga karatun littattafai a zauren wani malami da ke kusa da masallacin Juma'a. Wata shida kacal da farawa, amma na riga na fara naɗa ɗan rawani, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ilmi kaɗan a ƙirjin yaro kamar wuƙa ce a hannun jinjiri, kuma mafi kusa da shi take fara yanka.

Tatsuniyar da nake son in ba da labarinta, Iya ta fara ta ne bayan kaka, a shekarar da damina ta yi gardama wake ya yi tsada. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Ita cewa take yi, "Ga ta nan tafe, ba ƙafa ba takalmi." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso, ga tabarma."

Ta ce a wani zamani babu tauraro ko ɗaya a sama. Idan rana ta faɗi, duhu ne kamar cikin tulu. A wannan zamani akwai wata mata mai ɗa guda ɗaya. Da ya girma sai ya bi ayarin fatake, ayari ya dawo babu shi. Wasu suka ce ya yi gabas, wasu suka ce an gan shi a bakin wani kogi. Matar ta ce ɗanta ba ɓata ya yi ba, duhu ne ya hana shi gane hanya. Sai ta riƙa hura wuta a ƙofar gida kullum dare. Amma wutar ƙasa ba ta wuce tudu, wanda ke bayan dutse ba zai gan ta ba. Sai ta roƙi hayaƙi. Ta ce, kai da kake hawa sama, ka ɗaukar mini tartsatsin nan ka kai inda za a gani daga nesa. Hayaƙi ya ce zan ɗauka, amma sai kin ba ni jiki. Ta riƙa sa ɗanyen itace, idanunta na ruwa, hayaƙi na tashi da tartsatsi a cikinsa. Shekara ta bi shekara. Hayaƙin ya taru a sama ya zama gajimare wanda ya fi ƙasar Zazzau faɗi, ya fi duk ƙasashen da fatake suka taɓa takawa, yana haske daga cikinsa kamar garwashin da aka rufe da toka.

A nan aka kira lisha, ta ce sai gobe.

Washegari ta ɗora. Ta ce hasken ya cika sama, amma ɗan bai dawo ba. Wani tsohon falke ya zo wucewa ya ce mata, hasken da ya bazu ko'ina ba ya nuna hanya. Matafiyi ɗigo guda yake bukata, wanda zai sa a gaba ya bi. Matar ta kwana tana tunani. Da safe ta ɗauki mazarinta da allinta ta hau rimi, ta hau har inda reshe ya zama kamar tsinke, ta miƙa hannu ta kamo gefen hayaƙin. Ta ce, yadda nake kaɗa auduga ta zama zare, haka zan kaɗa ka, in dunƙule ka ƙulli ƙulli, in jera daga ƙarshen duniya har ƙofar gidana.

Iya tana faɗa tana murza nata mazarin a cikin sakaina, farin zaren yana fita daga audugar yana naɗewa. Har yau idan na rufe ido ina ganin yadda hasken garwashi ke kama zaren nan.

Ta ce hayaƙi ya ƙi kaɗuwa. Da ta murza sai ya ƙona mata yatsu ya warware. Ta gwada sau bakwai, har fatar hannunta ta saɓule.

Hansatu ta ce, "Iya, ta sa alli mana!"

"Ke tafi can, uwar iya yi. Alli yana maganin zufa ne, ba ya maganin wuta."

Rana ta uku ita ce ranar da nake fata a ce an shafe ta daga littafina. Iya ta ce tsattsewa ta zo ta sauka kusa da matar ta ce mata: hayaƙi ba ya karɓar kaɗi sai ya huce, kuma ba zai huce ba muddin wutarki tana ci a ƙasa. Matar ta ce, idan na kashe wutar, ɗana ya iso a daren nan fa, ya tarar da ƙofa cikin duhu ya wuce? Tsattsewa ta ce, wannan kuma ban sani ba. Matar ta sauko daga rimi. Ta ɗebo ruwa cike da ƙwarya, ta zo ta tsaya a kan murhun da bai taɓa mutuwa ba tun ranar da ayari ya dawo. Ta ɗaga ƙwaryar.

A daidai nan Manu ya kasa haƙuri. Ya buga cinyarsa ya miƙe.

"Iya! Wallahi abin da aka yi mana lakca a kai ke nan makon jiya!"

Ya shiga bayani yana nuna sama da hannu biyu. Ya ce taurari ba a warwatse suke ɗai-ɗai ba, tari-tari suke kamar garuruwa, kuma wanda muke ciki guda ne cikin waɗanda ba su ƙirguwa. Ya ce masana suna ganin kowane tari ya fara ne daga gajimaren iskar gas, marar kauri, mai girman da hankali ba ya ɗauka. Sai ya rage zafi kafin ya iya haɗuwa, kuma idan ya fara haɗuwa juyawa yake yi, kamar mazarin nan na hannunki. Ya ce babu wanda ya taɓa ganin irin gajimaren nan na farko, madubin hangen nesa bai kai can ba tukuna, lissafi ne kawai ya nuna.

Iya ta dube shi ta gefen ido. "To ka gaya wa malamin naku gobe ya zo ya ɗauki sauran darasin. Ya taho da tabarmarsa, tawa ta cika."

Yara suka fashe da dariya. Fuskarta ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba. Ni kuwa haushi ya kama ni. A lokacin na ɗauka kishin addini ne. Na daɗe da sanin cewa kishin kaina ne: an yi maganar halittar sama a ƙofar gidanmu, tsohuwa ta yi, ɗan boko ya tabbatar, ni mai rawani ba a waiwaye ni ba. Na miƙe tsaye a kan kakata tana zaune. Na ce wannan ƙarya ce ake yi wa Ubangiji. Na ce Shi Ya halicci taurari da ikonSa, ba wata mata da mazari ba, kuma duk wanda ya faɗi abin da bai sani ba game da halitta ya tanadi wurin zamansa a wuta. Na kawo Larabci, na karanta shi da ƙarfi, a wurin da ba muhallinsa ba. Na ƙara da cewa tsufa lokacin istigfari ne, ba lokacin tara yara ana koya musu shirme a gaban baƙo ba.

Mazarin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai a cikin sakaina har ya kwanta. Iya ta dube ni, ba fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta naɗe zarenta, ta mayar cikin taskira, ta rufe.

"To, Malam," ta ce. "An ji. Allah Ya yafe mana."

Daga ranar ta daina ce mini Maigida.

Da safe na je na ba malamina labari, ina jiran yabo. Ya ajiye littafin da ke hannunsa ya dube ni.

"Wa ya aike ka?" ya ce. "Karatun wata shida ka yi ka hau kujerar alƙali a kan matar da ta goyi ubanka? Ba ka kai wurin ba tukuna, amma za ka karanta cewa sama ta kasance hayaƙi kafin Ubangiji Ya daidaita ta. Ban ce tsohuwarka ta san wannan ba, ban kuma ce yaron jami'a ya yi daidai ba. Amma ita tatsuniya, mai yin ta da bakinsa yake shelar cewa ba gaskiya ba ce idan ya kai ƙarshe. Wa aka yaudara? Tashi ka je ka durƙusa mata, tun kafin ka zauna a gabana."

Na tashi, amma ban je ba. Na zaga kasuwa na dawo na ce masa na yi. Wannan ita ce ƙarya ta gaske da aka yi a cikin al'amarin, kuma ni na yi ta.

Iya ta ci gaba da suyarta. Da ƙullu ya ƙare sai ta yayyafa wa garwashi ruwa ta shige gida. Yaran maƙwabta suka zo kwana biyu suka tarar da murhu a jiƙe, suka daina zuwa. Hansatu ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba. Manu yakan sayi ƙosansa ya gaishe ta ya wuce, idan mun haɗu ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifin. Kullum ina cewa gobe zan same ta ita kaɗai. Idan na same ta ita kaɗai sai harshena ya yi nauyi, in gaishe ta, ta ce, "Lafiya lau, Malam, ya karatu?" in ce alhamdu lillahi, in fita. Haka aka yi wata biyu.

Sai tari ya kama ta. Likita ya ce hayaƙin shekaru ne ya cinye mata ƙirji. Aka rubuta mata allura ta kullum, mahaifina ya mayar da ita Sabon Gari gidan 'yarta, Goggo Mairo, domin can ya fi kusa da asibiti. Ranar wata Alhamis, da yake babu karatu, aka ba ni taskirarta in kai mata, ta aiko tana nema. Na hau motar haya daga Samaru na sauka a tasha, na ratsa ta layin teloli da masu gyaran rediyo. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, Yarbawa a wannan gefe, mutanen Goggo a wancan. Azahar ta ɗan gota lokacin da na yi sallama.

Na same ta kwance a kan tabarma kusa da taga, ta rame har na ga kamar zanen ne kawai a shimfiɗe. Na ajiye taskirar. Na cire rawanin na ajiye a ƙasa, na durƙusa, abin da na kasa faɗa wata biyu ya fito gaba ɗaya tare da kuka. Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗora hannu a kaina, yatsunta sun yi sanyi.

"Na yafe maka duniya da lahira. Tun a daren na yafe. Tashi, kada Mairo ta shigo ta ga miji yana kuka gaban matarsa, ta ce na yi maka asiri."

Na yi dariya cikin hawaye. Na zauna na ba ta labarin gida. Da na ga ta ɗan sami numfashi sai na ce, "Iya, matar nan. Ta zuba ruwan?"

Ta juya ido ta dubi taga, inda rana ta shigo ta kwanta a kan daɓe.

"Kai, da rana tsaka? Ka taɓa jin an yi tatsuniya da rana?"

"Iya, ƙarshen kawai. Kalma biyu."

"Wanda aka yi wa tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ya fita ya kasa gane hanyar gida." Tari ya tare ta, ta jira ya lafa. "Ɗaya ya ishe ni."

Bakina ya buɗe zan ce wannan camfi ne, ba shi da asali. Kalmar ta zo har kan harshena. Allah Ya taimake ni na haɗiye ta. A wannan lokaci ne, ina zaune a ɗakin Goggo, jirgin ƙasa yana kuka daga nesa, na gane wace ce matar da ke hura wuta a ƙofar gida, na gane dalilin da ya sa murhun Iya yake waje a bakin hanya alhali ga tsakar gida da faɗi, na gane abin da take tambayar Manu. Shekara da shekaru ba a bar ta ta ambaci sunan Kawu Isa ba, don kada a tayar wa mahaifina da hankali. Ta sami hanya guda ta yin maganarsa a gaban mutane, ni kuma na miƙe na ce mata wuta za ta shiga.

"Ka kwana," ta ce. "Mairo ta shimfiɗa maka a zaure. Da an yi magariba sai in ƙarasa maka, kai kaɗai. Ba tsawo gare ta ba."

Ga abin da ya hana ni. Washegari da hantsi aka sa zan sauke littafina na farko a gaban malam da sauran ɗalibai. An riga an gaya wa mutane, mahaifiyata ta jiƙa gero don kunun sadaka. Na ji tsoron kada motar safe ta makarar da ni, wani ya riga ni. Na ce mata Alhamis mai zuwa zan zo da shirin kwana.

Ta ce, "To, Maigida. Allah Ya kai mu. Ka taho da cefane."

Na kama motar la'asar na koma Samaru. Na sauke littafin, aka yi addu'a, aka sha kunu. Ranar Litinin da hantsi ɗan aike ya zo daga Sabon Gari a kan keke.

Bayan an share makoki na tafi Bomo na bi tsofaffin da suka yi zamani da ita, ɗaki ɗaki. Na ba su farkon tatsuniyar ina roƙon su ƙarasa mini. Wata ta ce ba ta taɓa ji ba. Wata ta ce ta san ta, ta fara, sai ga wata tatsuniya daban. Ta ƙarshensu, wadda suka yi kaɗi tare tun suna 'yan mata, ta saurare ni har na kai kan ƙwaryar ruwa, ta girgiza kai ta ce, "Yaro, wannan ba mu gaje ta ba. Tata ce. Inda ta tafi can ta tafi da ita." Na tambayi Goggo ko ta faɗa mata a kwanakin ƙarshe. Ta ce daren Alhamis ɗin Iya ta sa an shimfiɗa tabarma a zaure, ko zan canza shawara a hanya in dawo. Ban ƙara tambayar kowa ba.

Manu ya gama karatunsa ya bar Zariya. Ya zo gaisuwa kafin ya tafi, ya zauna a kan dutsen nan na gefen murhu na ɗan lokaci. Ban iya fita na same shi ba.

Yanzu na haura shekarun da Iya ta yi a duniya. A bara jikata Ruƙayya, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu ta zauna kusa da buzuna ta nuna mini hoto a wayarta. Wani abu ne kamar ɗigon koren rini da ya jiƙe ya bazu a kan baƙin ƙyalle. Ta ce gajimaren iskar gas ne a can ƙarshen abin da madubin hangen nesa ke iya kaiwa, ya ninka tarin taurarin da muke ciki a faɗi, yana haske. Ta ce hasken ya baro can tun duniyarmu ba ta kasance ba. A cikin irinsa ne ake ganin tarin taurari ke haɗuwa. Abin da Manu ya ce ba a taɓa gani ba, ga shi a tafin hannun yarinya.

Na karɓi wayar na kusanto da ita idona. Na ce, "Me ke haska shi?"

Ta ce masana ba su gama daidaitawa ba. Wasu sun ce wutar sababbin taurari ce a cikinsa, wasu sun ce iskar ce ke fitar da zafinta yayin da take gangarawa ciki.

Na ce, "To wannan da kika nuna mini, ya huce? Ya haɗu?"

Ta yi dariya. "Kaka, ai ba wanda zai iya gaya maka. Yadda yake a wancan lokacin kawai muke gani. Kafin labarin abin da ya biyo baya ya iso nan, babu mu babu jikokin jikokinmu."

Na mayar mata da wayar. Ta ga fuskata ta canza, ta tambaye ni ko ta faɗi abin da ya saɓa wa addini ne. Na ce a'a, ko kusa. Na ba ta labarin Iya tun daga farko, abin da ban taɓa ba 'ya'yana ba. Da na gama sai ta ce, "To ka ƙarasa ta da kanka mana. Kai ne ka fi kowa saninta."

Na gwada, ba sau ɗaya ba. Idan na ce matar ta zuba ruwan, hayaƙi ya huce, ta kaɗa taurari, to na sa Iya ta haƙura da ɗanta, ban kuwa san ta haƙura ba. Idan na ce ta ajiye ƙwaryar ta ci gaba da hura wuta, to na bar ta cikin hayaƙi har abada, sama kuma babu tauraro. Wataƙila akwai hanya ta uku da ita kaɗai ta gano, a cikin wata biyun da na bar ta tana shiga ɗaki da wuri. Wataƙila ma amsar da take son ba kanta ce, tana bukatar kunnuwan yara kafin ta iya furta ta. Na yi shekaru ina raba wa mutane gado, na san ƙa'ida: abin da mai shi bai bari ba, magaji ba ya ƙirƙiro shi ya ce ya gada.

Ban yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ba, Allah Ya tsare ni da wannan. Ta yafe mini da bakinta, ina kuma fatan Ya yafe. Amma yafiya tana ɗauke zunubi ne, ba ta mayar da abin da ya salwanta. Na karantar da ɗalibai masu yawa, kuma duk wanda na ga ya fara tafiya a hankali bayan wata shida, nakan kira shi gefe in ce masa ya ji tsoron Allah a kan tsofaffin gidansu. Suna cewa to, Malam. Ina ganin a idonsu ba su ji ba, kamar yadda ban ji ba.

Ruƙayya ta ba ƙannenta labari, yanzu idan sun zo sukan matsa sai na yi musu ta mai kaɗin hayaƙi. Nakan jira a yi magariba. Nakan kai su har inda matar ta ɗaga ƙwarya, in tsaya. Ƙaramarsu takan ja mini hannun riga ta ce, "Kaka, sai me? Ɗan ya dawo?" Ni kuma in ce Allah ne Mafi sani. Da wannan kalma malamai ke rufe amsa, bayan sun faɗi abin da suka sani, don tawali'u. Ni a nan babu abin da na sani da zan yi tawali'u a kansa. An ce in kwana ɗaya a ba ni, na ce sai Alhamis.